Amsa: Wa ya taɓa tsayawa shi kaɗai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a Afirka an taɓa samun wanda ya fito fili ya ƙalubalanci tsangwamar da ake yi wa masu neman jinsi. An samu. David Kato, malamin makaranta ne a Yuganda. A Oktoban 2010 wata jarida ta buga hotuna da sunayen masu neman jinsi, ciki har da shi, tare da kiran a rataye su. Wani da sai ya tsere, shi kuwa kotu ya nufa tare da mutum biyu, suka yi nasara a farkon Janairun 2011. Watan bai ƙare ba aka kashe shi da guduma a gidansa. Ko me ra'ayinka a kansu, wannan ƙarfin hali ne. Ranar jana'izarsa ma mutanen ƙauyen ƙin binne shi suka yi, abokansa ne suka ɗauki akwatin gawar zuwa kabari.