Shin ana iya hango lambar da za ta fito a cacar loto?

Tambaya: Malam, ƙanena ya kamu da wasan Baba Ijebu, wato cacar loto. Yana da littafi cike da lambobin da suka fito a baya, wai da shi yake gano waɗanda za su fito gobe. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, babu. Ga yadda abin yake. Ƙwallaye 90 ake zubawa cikin na'ura, kowace da lambarta, a juya su, biyar su faɗo. Na'urar ba ta tuna abin da ta fitar jiya. Lambar da ta yi wata uku ba ta leƙo ba, da wadda ta fito da safiyar yau, damarsu ɗaya ce a juyi na gaba. Littafin ƙanenka tarihi ne kawai.

Ɗauki wasan da aka fi bugawa, wanda suke kira tu-shuwa: ka zaɓi lamba biyu, dole dukansu su kasance cikin biyar ɗin. Lissafi ya nuna sau ɗaya ake dacewa a cikin kusan 400. Idan ka ci, yawanci ninki 240 ake biya. To duba: mutum 400 sun zuba naira 100 kowannensu, an tara 40,000. Mutum ɗaya ya ci, an miƙa masa 24,000. Sauran 16,000 sun zama na kamfani da wakilansa. Ba sai sun yi maguɗi ba, tun a tsarin wasan suka ware rabonsu. Cin dukkan lambobi biyar kuwa, dama ɗaya ce cikin 43,949,268. Cacar loto ta Amurka mai suna Powerball ta fi haka nisa, ɗaya cikin sama da miliyan 292.

Abin da ya fi damuna ba naira ɗarin ba ce. Ranar da lamba ɗaya ta fito, ɗayar ta kuskure, sai mutum ya ce saura kiris, gobe ya ninka kuɗi don ya maido da asara. Daga nan ake taɓa jari, a ci bashi, a fara ɓoye wa iyali. Ba banza ba aya ta 90 da 91 cikin Suratul Ma'ida suka haɗa caca da giya, suka ambaci gaba da ƙiyayya.

Kada ka tsaya gardamar lambobi da shi. Ku zauna ya rubuta duk abin da ya zuba a wata guda, da abin da ya karɓa, ya gani da idonsa. In kuma akwai kuɗin shago ko na gida a hannunsa, a karɓe tukuna.