Amsa: Na sayo tsohon injin sassaƙar ƙarfe, ta ina zan fara gyara?

Malam, ka ce ka sayo tsohon injin Colchester, ƙirar Ingila, na hannu, ka kawo shi Katsina duk ya yi tsatsa, kana tunanin goge shi da giranda ka yi fenti. Don Allah kada giranda ta taɓa gadon injin! Layukan gadon nan da keken da ke riƙe wuƙar sassaƙa ke zamewa a kai su ne ran injin. In suka zaizaye, aikinka ba zai ƙara fita daidai ba. Jiƙa su da kananzir su kwana, sannan ka bi da tsumma da buroshi mai laushi. Mai za ka zuba musu, ba giris ba, domin giris na riƙe ɓarɓashin ƙarfe da ƙurar hunturu, su taru su ci gadon. In ka tashi aiki, ka lulluɓe shi.

Kafin ka jona wuta, duba farantin bayanai na motar injin: da yawansu layi uku suke buƙata, 415V.

Bayan ka daidaita zaman injin a kan siminti, ɗaura sandar ƙarfe, ka sassaƙe ta kaɗan, ka auna kaurin bakinta biyu. In sun bambanta, mai yiwuwa gadon ya murɗe, ko ya cinye kusa da kan injin, inda aka fi aiki.

Tsofaffin injinan Ingila galibi zaren inci suke yankawa, wato tsagin jikin kusa mai murɗawa da noti a ma'aunin inci. In dillalin ya haɗo maka da giya mai haƙori 127, adana ta sosai. Da ita ake fitar da zaren milimita.

Fenti kuwa, bari sai ƙarshe.