Ɗana ya daina barci tun da ya shiga jami'a

Tambaya: Malama, ɗana yana aji biyu a wata jami'a a nan Legas, kullum daga Agege yake zuwa saboda bai samu ɗakin kwanan ɗalibai ba. Yanzu ba ya barci, ba ya cin abinci, ya ƙaurace wa abokansa.

Amsa: Hajiya, idan waɗannan alamu suka wuce mako biyu, suna iya zama ciwon damuwa, kuma addu'a ba ta hana ganin likita. Ki raka shi asibitin jami'ar ko wurin masu ba ɗalibai shawara, idan kuma ya ambaci kashe kansa, ku nufi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba a ranar, ba tare da jinkiri ba. A ganina, fitar asuba da cunkoson hanya suna ƙara masa nauyi, don haka ki nema masa ɗaki kusa da makarantar.