Amsa ga ɗan'uwan da kalmar "Uba" ke yi wa nauyi a addu'a

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ƙanena. Tun shekaranjiya na karanta tambayarka, jiya da dare kuma bayan addu'ar gida na sake karantawa. Ka ce mahaifinka mutum ne mai zafi, duka da tsawa kaɗai ka sani a hannunsa, bai taɓa yaba maka ba. Ka ce har yau in ka buɗe baki ka ce "Ubanmu wanda ke cikin sama" sai gabanka ya faɗi, kamar wanda aka kira gaban alƙali. Yanzu ga ɗanka na fari ya kai shekara 14, ya soma taurin kai, kana duka ba ya ji, kana neman yadda za ka sa shi biyayya. 'Yan'uwa sun kawo maka Afisawa 6:1 a kan 'ya'ya su yi wa iyayensu biyayya, da Karin Magana 13:24 a kan horon yaro da sanda, kuma gaskiya suka faɗa. Ni labarina zan ba ka, domin wannan hanya da ka ɗauka na bi ta har ƙarshenta, na ga inda take ɓullewa.

Mahaifina mai bishara ne a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Yana noma, yana wa'azi, yana koya wa manya karatu da yamma a gindin bishiya. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Likita Walter Miller na Zariya ya sha wahalar fassararsa, shi ne a hannunsa har bangon ya ɓare, mahaifiyarmu ta ɗinke masa riga da ƙyalle. Mutum ne mai tsoron Allah, ba zan taɓa musun wannan ba. Amma ni ɗan fari ne, kuma ka san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai yaro" nake, ko kuma ya aika ƙanwata ta kira ni. In na yi daidai, shiru. In na yi kuskure, tsumagiya. Na tashi yaro mai biyayya ƙwarai, har mutanen ikilisiya suna misali da ni wa 'ya'yansu. Ba wanda ya san cewa in na ji ƙarar kekensa daga nesa cikina ke ɗurar ruwa.

Haka na ɗauki Allah. Na yi baftisma, na shiga ƙungiyar mawaƙa, na yi kwalejin horon malamai, na zama malamin makaranta, daga baya aka zaɓe ni cikin dattawan ikilisiya. Ba na fashin sujada, ba na wasa da zakka da baiko. Amma a zuciyata Allah mai gida ne da ke riƙe da littafin lissafi, ni kuma bara ne mai ƙoƙarin kada a kama shi da laifi. In ciwo ya shigo gida, abin da na fara tambayar kaina shi ne, me na yi kuma?

Ka duba Luka 15 da kyau. Mun saba tsayawa a kan ƙaramin ɗan, wanda ya karɓi gādo ya tafi ya lalatar. Ni babban ne ya kama ni. A aya ta 29 ya gaya wa ubansa cewa shekara da shekaru yana yi masa bauta, bai taɓa ƙetare umarninsa ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Bai yi ƙarya ba, biyayyarsa cikakkiya ce. Amma ka ji da wane baki yake magana? Bakin ɗan ƙodago ne da ke neman ladansa. Yana kwana ɗaki ɗaya da albarka, yana ci daga tukunya ɗaya da uban, amma bai san uban ba. Shi ma ɓatacce ne, a cikin gida ya ɓata. Abin da ya fi taɓa ni kuwa, uban ne ya bar biki ya fito waje yana roƙonsa, ya kira shi "ɗana", ya ce duk abin da yake nawa naka ne. Sau biyu wannan tsoho ya fito daga gida a labarin nan: ya sheƙa a guje ya tarbi mai tawaye, ya kuma fito ya lallashi mai biyayya. Na kai shekara arba'in da wani abu kafin in gane cewa ni ne na biyun.

To ga inda abin ya fashe mini. Ɗana na fari yana shekara 16 na ba shi kuɗin rajistar jarrabawa, ya kashe wani kaso a wurin abokai, ya yi mini ƙarya. Da gaskiya ta fito na yi masa dukan da har yau ba na son tunawa. Bai yi kuka ba, ya tsaya yana kallona. Daga ranar na ɗauke masa magana. In ya gaishe ni sai in ɗaga kai kawai. Saƙo ta bakin uwarsa yake zuwa masa. Ina gani a raina horo nake yi, sai ya karye ya zo ya durƙusa. Bai zo ba. Wata takwas muna haka a gida ɗaya, kuma kowace safiya ni ne ke jagorar addu'ar gida, ina cewa a gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Ranar nan muka wayi gari ya tafi Kaduna wurin wani ɗan'uwan uwarsa, ya shiga garejin gyaran babura.

Matata ba mai yawan magana ba ce. Wani dare ta ajiye mini Littafi a buɗe a 2 Sama'ila 14, ta ce, "Maigida, mun karanta wannan a zumuntar mata, ina so ka karanta mini shi da bakinka." Na karanta. Ina roƙonka kai ma ka zauna ka karanta daga sura 13 zuwa 18 a zama ɗaya. Amnon ɗan Sarki Dawuda ya ɓata 'yar'uwarsa Tamar, Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai yi komai ba. Shekara 2 Absalom, ɗan Dawuda da suke ciki ɗaya da Tamar, yana haɗiye abin, sannan ya kashe Amnon ya gudu Geshur, ya yi shekara 3 a can. Yowab, shugaban sojojin Dawuda, ya yi dabara aka dawo da shi, sai Dawuda ya ce ya wuce gidansa, kada ya ga fuskarsa. Ya sake yin shekara 2 cur a Urushalima, gari ɗaya da ubansa, ba su haɗa ido ba. Sai da yaron ya sa aka cinna wa gonar sha'ir ta Yowab wuta kafin a saurare shi. Ka lissafa, shekara 7 ke nan. Da sarki ya sumbace shi a ƙarshen sura 14, zuciyar ta riga ta tafi, sura ta gaba tawaye ne. A 18:33 kuma ga Dawuda a bene yana kuka yana kiran ɗansa, yana cewa da ma shi ne ya mutu a madadinsa. Ƙaunar tana nan tun farko, bakin ne bai buɗe ba sai da gawa ta kwanta. Ban yi barci a daren ba.

Ƙanena, yaron da ya cinna wa gona wuta sau da yawa so yake a dube shi. Ban ce taurin kan ɗanka ba laifi ba ne. Amma ka tambayi kanka yaushe rabon da ya ga fuskarka ba a kan wani laifi ba.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Kaduna. Na same shi tsugune gaban wani babur, hannu duk baƙin mai. Ya miƙe a tsorace, yana zaton wani ya rasu. Na ja shi gefe, na kira sunansa, abin da ban saba yi ba, na ce masa, "Ka yi laifi da ka ci kuɗin nan ka yi ƙarya, wannan yana nan. Amma dukan da na yi maka haushina na huce, kuma gabar da na yi da kai zunubi ne a gaban Allah. Ka gafarta mini." Wallahi ba zan ce ba, amma Allah shaida ne, kalmomin nan sun fi mini nauyi fiye da buhun masara. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ranar na san ma'anarsa. Yaron da bai zubar da hawaye ba ranar duka, ya fashe da kuka a gaban abokan aikinsa. Bai biyo ni gida a ranar ba, sai bayan wata uku ya zo Kirsimeti. Makaranta kuwa bai koma ba, kuma wannan tabo ne da nake ɗauke da shi. Yau yana da garejinsa da iyalinsa, shi ke kirana kusan kowace Lahadi da yamma.

Abin da na koya a hankali bayan wannan shi ne, Allah yakan fara mai da mutum ɗa, sannan ya nemi biyayyarsa. Tun Isra'ilawa suna kwaɓa tubali a Masar, ba su ji doka ko ɗaya ba, ya aiki Musa ya gaya wa Fir'auna cewa Isra'ila ɗansa ne, ɗan farinsa (Fitowa 4:22). Kafin dokoki goma su zo a Fitowa 20, sai da ya tuna musu cewa shi ne ya fito da su daga gidan bauta. A Kogin Urdun, Yesu bai warkar da kowa ba tukuna, bai yi wa'azi ba, murya ta fito daga sama a gaban jama'a ta ce wannan ne ƙaunataccen Ɗansa (Matiyu 3:17). Allah ba ya kunyar ɗan fari. Alkunya tana da kyau a wurare da yawa, ina girmama ta, amma in ta hana uba gaya wa ɗansa cewa yana ƙaunarsa, to a nan Maganar Allah ce za ta gyara al'ada. Yesu ma da ya yi biyayya mafi wuya a Getsamani, da kalmar "Abba, Uba" ya soma (Markus 14:36). Romawa 8:15 ta ce wannan kalma an sa ta a bakinmu mu ma, ruhun da muka karɓa ba na bauta ba ne da zai mai da mu cikin tsoro.

Kada ka ji wannan ka ce na ce a saki yaro. Eli firist ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi a wurin hadaya, bai hana su ba, Allah ya ce ya girmama 'ya'yansa fiye da shi. Adonija kuma an rubuta a 1 Sarakuna 1:6 cewa ubansa Dawuda bai taɓa tsawata masa ya ce don me ka yi haka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Sai dai mai tanƙwara icce ba ya yi da fushi, in ya yi da fushi karyewa yake. Ayar da aka kawo maka a Afisawa 6 ba ta tsaya a aya ta 1 ba. Aya ta 4 da mu ubanni take magana, kada mu tsokani 'ya'yanmu su yi fushi. Kolosiyawa 3:21 ta ƙara dalili: don kada su karaya. Ibraniyawa 12:10 kuma ta bambanta horon iyayenmu na jiki, wanda suka yi yadda suka ga dama, da horon Allah wanda yake don amfaninmu. A ganina, yaro ɗan shekara 14 bulala ta kusa gama aikinta a kansa. Abin da za ta koya masa yanzu shi ne ya iya ɓoyewa. Ka sa doka kaɗan, ka faɗi dalilinta, ka faɗi abin da zai biyo baya in an karya, ka cika. In jininka ya hau, ka fita ka zaga, hukunci ya kwana. Kai da uwarsa kuma bakinku ya zama ɗaya, ku gama shawara a ɗaki kafin ku fito.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa ubanni ba. Yaro yana koyon biyayya ne in ya ga ubansa ma yana ƙarƙashin wani. In yana jin kana umarni kullum, bai taɓa ganin Maganar Allah ta tanƙwara ka ba, abin da zai fahimta shi ne biyayya ta marasa ƙarfi ce, ranar da ya yi ƙarfi shi ma ya huta. Ya ga ka mayar da canjin da aka yi kuskuren ba ka a kasuwa. Ya ji ka ba uwarsa haƙuri. Ya ji kana addu'a kana kiran sunansa da godiya, ba da ƙara kaɗai ba.

Game da mahaifinka, tunda ka ce yana raye a ƙauye, girmama shi wajibi ne, Fitowa 20:12 ba ta sa sharaɗin sai uba mai taushi ba. Girmamawa kuwa ba ta nufin ka ce abin da ya faru bai faru ba. Ka kai ciwon gaban Allah da sunansa, ka gafarta, ka riƙa zuwa gaishe shi. Mai yiwuwa shi ma abin da aka ba shi ne ya ba ka. Nawa mahaifin sai da ya kwanta ciwon ajali, ina juya shi a kan gado, ya riƙe hannuna ya kira ni da sunana sau ɗaya. Na gode wa Allah da na samu wannan, amma ba na so ɗanka ya jira har sai lokacin.

In kalmar "Uba" ta ci gaba da yi maka nauyi, kada ka auna Allah da mahaifinka. Yesu ya gaya wa Filibus cewa wanda ya gan shi ya ga Uban (Yohanna 14:9). Ka ɗauki Bisharar Luka, sura ɗaya kowace rana, ka duba yadda Yesu yake yi da masu laifi da yara da marasa lafiya, kana gaya wa kanka cewa haka Uban yake. Ka haɗa da Zabura 103:13-14 da Yusha'u 11:1-4, inda Allah ya kwatanta kansa da mai koya wa yaro tafiya, mai sunkuyawa ya ba shi abinci. Ni na yi wajen shekara biyu a kan wannan kafin faɗuwar gaban ta ragu, don haka kada ka yi gaggawa da kanka.

A makon nan ka nemi wani aiki da za ku yi ku biyu, ko gona, ko wankin babur, ko tafiya kasuwa, kada ka ɗauko maganar laifinsa ko kaɗan. In akwai dukan da ka san haushi ne ka huce, ka faɗa masa a fili ka nemi gafara. Wataƙila ya yi shiru ya sunkuyar da kai, kada wannan ya karya maka gwiwa, nawa ma wata uku ya ɗauka. Ni da maman yara mun sa ku cikin addu'ar daren yau, kai da shi da tsohon da ke ƙauye. In kun yi magana, ka dawo ka gaya mana yadda ta kasance.