Tambaya da Amsa: Naitiret na ta hauhawa a tankin murjanina

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 300 a falona, wanda na kafa wata goma sha huɗu da suka wuce, kuma a cikinsa akwai kifaye tara da murjani iri-iri, masu laushi da masu ƙashi. A watannin farko awon naitiret bai taɓa wuce 5 ba, amma cikin wata huɗun nan ya hau har ya kai 40, alhali kuwa ina sauya kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako ba fashi, da ruwan rijiyar burtsatse ta gidanmu wanda nake haɗawa da gishirin teku na kanti. Murjanin da a da yake sheƙi da launin kore da shuɗi ya koma ruwan ƙasa, gansakuka mai kama da gashi kuma ta mamaye duwatsu. Wani ya ce in zubar da rabin ruwan, wani kuma ya ce in riƙa zuba ruwan khal. Wanne zan bi? Daga mai karatu a Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna, domin dukansu magani ne da ake bayarwa bayan an san inda ciwo yake, kai kuwa wasiƙarka ta nuna mini wurare biyu da ya kamata a fara dubawa. Awon 40, wato miligiram 40 a kowace lita, ba zai kashe kifayenka yau ko gobe ba, saboda haka kana da lokacin da za ka yi aikin a tsanake.

Naitiret shi ne zangon ƙarshe na abincin da kake zubawa. Kifi ya ci, ya fitar da amoniya ta gaɓar da yake numfashi da ita da kuma kashinsa, ragowar abinci ma ta ruɓe ta zama amoniya, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kan duwatsu da yashi su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret. Amoniya da naitirait guba ne, naitiret kuwa da sauƙi ƙwarai, shi ya sa ganinsa a tanki alama ce ta cewa bakteriyarka na aiki. Matsalar ita ce daga nan ba shi da hanyar fita sai uku: ko ka ɗebe shi da hannunka ta sauyin ruwa, ko wani abu mai rai ya cinye shi, ko kuma bakteriyar da ke can cikin ƙofofin dutse inda iskar oksijin ta yi ƙaranci su mayar da shi iskar naitirojin ta tashi sama. Duk lokacin da awo ya hau, to abin da ke shiga ya fi abin da ke fita. Tankinka na wata goma sha huɗu ya kai daidai lokacin da kifaye suka yi girma, cinsu ya ƙaru, datti kuma ya samu damar taruwa a lungunan da ido ba ya kaiwa.

Game da launin murjanin, a cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai na ruwa masu ƙwaya ɗaya da ake kira zuzantale, waɗanda suke amfani da haske su samar masa da yawancin abincinsa, kuma launinsu na asali ruwan ƙasa ne mai ɗan zinariya. Idan taki ya yi yawa a ruwa sai su hayayyafa fiye da ƙima su rufe kyawawan launukan murjanin. Abin da kake gani ke nan, kuma albishirin shi ne murjanin da ya yi ruwan ƙasa yana nan da ransa, launinsa kan dawo idan ruwa ya gyaru. Haka ya faru a teku ma. A gaɓar Kaneyohe ta tsibirin Oahu a jihar Hawai ta Amurka an shafe shekaru ana malalar da ruwan masai cikin teku, har wata koriyar gansakuka mai kumburi ta lulluɓe murjani, da aka karkatar da magudanar a 1977 da 1978 sai gansakukar ta ja baya cikin 'yan shekaru, murjani ya fara farfaɗowa.

Wuri na farko da nake zargi shi ne ruwan burtsatsenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita, ma'ana ruwan da mutum zai sha lafiya lau yana iya ɗauke da fiye da abin da murjani yake so sau biyar ko sau goma. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a unguwannin da ke da ramukan masai da yawa, ko kusa da gonakin da ake zuba takin zamani, yakan ɗauki naitiret. Ka ɗebi ruwan kai tsaye daga famfo ka gwada shi da ma'aunin da ya dace da ruwa mara gishiri, sannan ka gwada wanda ka riga ka haɗa da gishiri kafin ya shiga tanki. Idan ka samu 20 a ciki, alal misali, to ko da za ka sauya ruwan tankin gaba ɗaya ba za ka sauka ƙasa da 20 ba. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: ruwan da kake ƙarawa kullum don cike gurbin wanda ya tashi. Ruwa zalla ne ke tashi sama, gishiri da naitiret suna nan a tanki, don haka kowace lita ta cikon tana barin kasonta a baya. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙwarai, ko a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana, cikon yana yawa, kuma ba zan yi mamaki ba idan ka lissafa ka ga hauhawar ta yi daidai da waɗannan watanni. Maganin wannan shi ne na'urar tace ruwa ta RO/DI, wadda ke fitar da ruwan da ma'aunin narkakkun abubuwa ke nuna sifili a kansa. A ganina wannan ita ce na'urar da ta fi cancantar kuɗinka a yanzu, fiye da kowace kwalbar magani.

Wuri na biyu lissafi ne. Sauyin kashi 10 cikin ɗari yana cire kashi 10 na naitiret ɗin da ke ciki kawai. Idan tankinka na samar da miligiram 4 a kowace lita duk mako, awon zai yi ta hawa har sai ya kai wajen 40, domin a nan ne kashi 10 ɗin da kake cirewa ya yi daidai da 4 ɗin da ke shiga. Wato ƙoƙarinka bai tafi a banza ba, shi ne ya hana awon wuce nan, amma ba zai saukar da shi ba sai ka rage abin da ke shiga.

Ragewar kuwa daga hannunka take farawa. Ka ba kifaye abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, kana tsaye kana kallo, maimakon ka watsa ka tafi aiki. Idan daskararren abinci kake bayarwa, ka narkar da shi a ɗan ƙoƙo ka tace ruwansa ka zubar. Ka ƙirga kifayenka da dodon koɗinka, domin dodon koɗi babba guda ɗaya da ya mutu a bayan dutse ya isa ya dagula awo. Soso da jakar tace datti kuma, waɗanda ake zaton su ne masu tsabtace ruwa, idan suka wuce kwana biyu zuwa uku ba a wanke ko an sauya su ba, dattin da suka kama yana ruɓewa a cikinsu ruwa na bi ta kansa. Ka ɗauki ƙaramin famfo ka hura kan duwatsu kafin sauyin ruwa, za ka ga wani farin gajimare ya tashi daga ramuka, wannan shi ne abin da ke ciyar da gansakukarka. Ka zuƙe shi da tiyo. Yashin ƙasa ma ka zuƙi samansa kashi-kashi, wani ɓangare wannan mako, wani mako mai zuwa, kada ka birkita shi gaba ɗaya, musamman idan mai zurfi ne. Na'urar kumfa, wadda ake kira sikima, ka duba ƙoƙonta: idan tana aiki daidai za ka tarar da ruwa mai duhu mai wari kamar tsohon shayi, wanda kuwa datti ne da aka fitar tun bai zama naitiret ba. A kan wannan na'ura da dutse mai rai, wato dutsen teku mai ƙofofi da bakteriya ke zaune a cikinsa, aka gina tsarin da masu kiwon murjani na birnin Balin na Jamus suka yaɗa tun shekarun 1970.

Bayan ka samu ruwa mai tsabta, ka riƙa sauya kashi 20 cikin ɗari sau ɗaya ko biyu a mako, ka tabbatar gishirinsa ya yi daidai da na tanki, wajen 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni, zafinsa kuma tsakanin digiri 24 da 26. Daga 40, sauyi na farko zai kai ka 32, na biyu kusan 26, na uku kusan 20, na huɗu kusan 16, ban da abin da tanki ke ƙarawa a tsakani. Na fi son wannan da zubar da rabi a rana ɗaya, domin murjani ya fi jure ruwan da bai cika kyau ba amma yana tsaye a kan hali ɗaya, da ruwan da ke sauya masa kwatsam.

Idan kana da fili a ƙaramin tankin tace ruwa da ake ajiyewa ƙarƙashin babban tanki, ka ware wani sashe ka sa ciyawar teku mai suna Chaetomorpha, wadda take kama da dunƙulen koren zare, ka ba ta fitila da dare lokacin da ta babban tanki ke kashe. Tana shan naitiret da fosfet, wani takin da shi ma ragowar abinci da datti ke bari a ruwa, ta yi girma, kai kuma duk mako biyu ka yage kashi ɗaya bisa uku ka zubar.

Ruwan khal kuwa gaskiya ne yana aiki. Abinci ne ga bakteriya, su yawaita su cinye naitiret da fosfet, sikima ta kwashe su. A ƙasashen Turai da Amurka wasu barasa suke zubawa, amma farin khal na yin aikin, babu dalilin shigo da wancan gida. Sai dai ba na ba ka shawararsa yanzu, saboda bakteriyar da suka yawaita suna shan oksijin, idan kuwa aka ɗauke wuta da dare famfuna suka tsaya, kifaye ne za su fara shaƙewa. Sai mai sikima mai ƙarfi da batirin da zai riƙe famfo idan wuta ta tafi ya kamata ya gwada shi, da ɗan kaɗan, yana ƙarawa sannu a hankali cikin makonni.

Kada kuma ka nemi awon naitiret ya kai sifili. Tsakanin 2 da 10 ya wadatar ga yawancin tankuna, masu ƙashi irin su Acropora sun fi son gefen ƙasa, masu laushi kuma ba su damu sosai ba. Ka riƙa gwada fosfet tare da shi, wajen 0.03 zuwa 0.1 ake so, domin idan ɗaya ya ƙare kaf, ciyawa da bakteriya ba sa iya cin ɗayan, murjani ya koɗe, wata majina mai ruwan ƙasa mai ƙananan kumfa ta bayyana, wadda korarta ta fi ta gansakuka wuya. Ka kuma duba ranar ƙarewar wa'adin ma'auninka, ka karanta takardarsa, domin wasu suna nuna naitirojin ɗin da ke cikin naitiret ne kawai, wanda sai an ninka shi sau 4.4 kafin a samu cikakken awo.

TAMBAYA: Ina zaune a Port Sudan, teku na bakin ƙofa. Idan na riƙa ɗebo ruwan Bahar Maliya don sauyi, zai rage mini naitiret? Daga mai karatu a Sudan.

AMSA: Zai iya, Hajiya, domin ruwan da ke kan murjani a fili, irin na yankin Sanganeb wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, naitiret ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Sharaɗin shi ne inda aka ɗebo shi. Ruwan bakin gari da na tashar jiragen ruwa yana haɗuwa da mai da magudanai, don haka ki nemi masu kwale-kwale su ɗebo miki daga nesa da gaɓa, a waje da iyakar yankin Sanganeb da aka keɓe, a jarkokin da ba a taɓa zuba mai ko sabulu a cikinsu ba. Ki tace shi, ki gwada naitiret da fosfet kafin ya shiga tanki. Ki lura kuma cewa gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowane kilo na ruwa, alhali yawancin tankuna a kan 35 ake riƙe su, saboda haka sai kin sirka shi da tataccen ruwa mara gishiri har ma'auni ya yi daidai da na tankinki.