Tambayoyinku: Sassaƙar Hannu Ko Aikin Inji?

Wata Hajiya daga Makka ta rubuto cewa allon katako mai Ayatul Kursiyyu da marigayi maigidanta ya bari ya fara tsagewa, har abin yana hana ta barci.

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ki kwantar da hankalinki. Katako yana shan danshi yana kuma bushewa, shi ya sa yake tsagewa. Ɗauke shi daga gaban na'urar sanyaya ɗaki da inda rana ke bugu. Ki share ƙura da busasshen tsumma, ki shafa kakin zuma kaɗan ki goge. Kada ki sa man gyaɗa ko na zaitun, daga baya hamami yake yi.

Wani matashi a Jidda kuma ya ce ya sayi sassaƙar ƙofar Ka'aba a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, don tsaraba, mai shago ya rantse masa abanus ne, wato baƙin katako mai tsada, kuma aikin hannu. Ya kuma ce akwai irinta sak guda 20 a jere.

Ɗana, ai ka ba kanka amsa. Wane masassaƙi ne hannunsa zai fitar da abu 20 babu bambanci ko na ƙwayar gero? Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya yi wata guda yana tara riyal, ya je ya zube su a kan roba da aka zuba a mazubi aka shafa wa baƙin fenti! Juya bayan allon ka duba. Katako na gaskiya jijiyarsa tana bi daga gaba har baya, roba kuwa sumul take, wani lokaci da 'yan ramukan kumfa. Abanus na asali nauyi gare shi, har nutsewa yake a ruwa, kuma jiƙaƙƙen tsumma ba ya ɗebo baƙinsa. Ko da katakon ne, aikin inji zurfinsa ɗaya ne ko'ina, lungunansa a kewaye. Hannu yana barin sawun ƙarfe a ƙasan zane, nan zurfi can sama-sama. Kana Balad ɗin ma, ɗaga kai ka kalli rawashin, tagogin katakon tsofaffin gidajen da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2014, idonka zai koyi aikin hannu. Ban hana sayen na inji ba, amma a biya kuɗin na inji.

Mai tambayar a sassaƙa masa fuskar mahaifinsa: fara zuwa wurin malami tukuna, domin malamai da yawa sun hana sassaƙa surar mai rai.

Wanda kuma ke son ya wanke allonsa da ruwa da sabulu don ya yi ƙyalli, a'a.