Girgizar Ƙasa da Gidajenmu na Laka

Tambaya: Malam, tun da na ga hotunan ƙauyukan Maroko da girgizar ƙasa ta rushe, hankalina bai kwanta ba, domin gidanmu na laka ne. Shin hakan na iya faruwa a nan? Daga wata uwargida a Tawa.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Girgizar ranar 8 ga Satumba 2023, mai ƙarfin maki 6.8, ta auku ne a duwatsun Atlas, yankin da yake shan matsi daga mahaɗar da faifan Afirka yake gogayya da na Turai, wato manyan shimfiɗun dutse da nahiyoyin biyu suke zaune a kansu, alhali Nijar tana nesa da irin wannan mahaɗa. Abin da ya sa mutane fiye da 2,900 suka rasu shi ne, bangon laka yana ɗaukar nauyi daga sama, amma idan aka jijjiga shi gefe da gefe sai kusurwoyi su rabu, azara ta zame, rufin ƙasa mai nauyi ya danne masu barci.

A ganina, ruwan sama ya fi zama barazana ga gidanki, domin shi ya kayar da tsohon masallacin Damagaram a daminar 2024. Ki sa magini ya duba indararo da gindin bango, ya sake yaɓe kafin ruwa ya sauka.